Allurar da Baba Ya Hana

Talata, bayan la'asar

Majo Nasiru, babban nas na likitar Filinge, wato asibiti, ya ce in riƙa rubuta abin da nake gani a jikin Baba, tunda Baban ya ƙi zuwa da ƙafarshi. Na sayi kaye, littafin rubutu, da bik na rubutawa. Rabona da dogon rubutu tun da na bar lakwal, makarantar boko, a aji huɗu, yatsuna har sun sage. Amma zan rubuta.

Abin da na gani: idon Baba ya yi rawaya.

Kowa a ƙasar Kurfai ya san Alhassan mai maganin shawara, ciwon nan da ke rina ido da fitsari. Daga Sanam, daga Damana, ana ɗauko mutum a amalanke a kawo ƙofar gidanmu. Baba ya fito da shi cikin rana, ya ja fatar idonshi, ya yi mishi tambayoyi, kana ya ba shi saiwar da ya gada wurin kakana. Dokokinshi uku ne: ba mai, ba nama, ba allura. Ta ƙarshen ita ce babba. Tun ina goye nake jin shi yana faɗi, "Mai shawara in ƙarfen likita ya shiga jikinai, a auno likkafani." In mutum ya warke sai ya dawo da kaza. Kajin gidanmu kaf na shawara ne.

Yanzu mai maganin ne da ido rawaya. Yana shan nashi safe da yamma. Inna ce ke dafawa.

Laraba, hantsi

Majo ya ce kada in rubuta na yau kaɗai, in koma baya. To na koma, kuma ban ji daɗin abin da na tarar ba.

Tun bazara mazagin wandonshi ke ƙara tsawo. In ya ɗaure, saura na lilo har gwiwa. Munka ce wahalar rani ce.

Ranar layya Inna ta miƙa mishi ƙirjin rago, wurin da yake faɗa da kowa a kai. Ya shinshina ya ture mini. Munka yi dariya, munka ce tsoho ya fara kara.

Farkon damina na ga tururuwa sun yi baƙi a bayan danni, daidai inda yake fitsari. Ba su zuwa inda nake yi. Na tsaya na duba, na wuce gona. Ruwa kuwa yana sha kamar raƙumin da ya fito daga Azawak.

Duk na gani. Ban haɗa su wuri ɗaya ba sai yau da na jera su a takarda.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Mutane sun fara maganar sujadar Baba. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, shi goshinshi na ƙasa. Yau wani ya ce mini, "Ibrah, tsohonka ya kama Allah hannu biyu, ka yi koyi." Na ce to.

Ni da ke gefenshi na san ba addu'a ce ke tsayar da shi ba. Ina jin numfashinshi. In yana tsaye ko ya kwanta rigingine, ciwon na cin shi daga ƙahon zuci ya ɓulle ta baya. In ya duƙa sai ya sassauta. A gida ma haka yake zama yanzu, ya kifa turmi ya rungume shi. Taba kaɗai bai bari ba, ita da yake sha tun kafin a haife ni.

A hanyar gida na ce, "Baba, bayan ne?"

Ya ce, "Wane baya? Kai dai ka kula da naka, girbi na tahe."

Asabar, da safe

Fitsarin kamar shayin da aka manta a kan gawayi.

Lahadi, azahar, Filinge

Na bar waken da na kawo kasuwa wurin Tahiru mahauci, abokina tun na ƙuruciya, na ruga likita da kayen. Majo ya karanta yana motsa baki saboda rubutuna. Da ya kai wurin tururuwa sai ya daina murmushi.

Ya ce, "Ya yi zazzaɓi?"

Na ce ko sau ɗaya.

"Yana susa?"

Na ce har jini.

"Bayan gidanshi fa, wane launi?"

Na ji kunya, amma na faɗa, don ni ke zubar da kaskon: fari-fari kamar farar ƙasa, da maiƙo, ga wari na daban.

Ya aje bik. Ya ce shawara ba ciwo ɗaya ba ce, alama ce, kamar hayaƙi. Akwai wadda hanta ke kawowa, ta zo da zazzaɓi, ta kama yaro ko saurayi, sau da yawa ta wuce da kanta. Akwai kuma wadda ke zuwa don wani abu ya toshe hanyar maɗaciya. Dattijo, ba zazzaɓi, ga rama, ga ƙaiƙayi, ga ciwo mai ɓullewa baya, ga sukari da bai taɓa yi ba. Ya ce wannan ba ta saiwa ba ce, kuma ba ta nan ba ce. Yamai, a yi hoton ciki. "Kuma ba bayan girbi ba, Ibrah. Cikin satin ga."

Na ce, "Za su yi mishi allura?"

Ya shafa kai. "Ai sai an ɗibi jini. Ka san mi ya sa ake cewa allura na kashe mai shawara? Don ba a kawo muna shi sai ya kai gargara. Mu huda yau, ya cika gobe, a ce mu ne."

Na tambaye shi sunan abin da yake tsoro. Ya ce shi ba ya sa suna sai an gani.

Litinin, bayan magariba

Na yi maganar. Na jira sai da ya sha maganinshi, na zauna ƙasa kusa da turmin, na faɗi abin da majo ya ce a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Bai katse ni ba. Gwaggo Haske ce ta katse ni, yayarshi, wadda ta taso daga Bonkuku tun da ta ji ba shi da lafiya.

"Kai Ibrah, ashe kaye ka saya don ka rubuta ranar mutuwar ubanka? Mutum nawa ya tashe a ƙofar gidan ga? Majon naka da kanai, uwatai ba nan anka kawo ta ba?"

Na ce, "Gwaggo, hoto kawai za a yi."

"Hoto! Sai su ce hoto, kana juya baya sun soka. Ni ban haihi Alhassan ba, amma ni na goye shi. Ba a huda mini shi."

Inna na bakin murhu tana iza wuta. Baba yana susar ƙwauri da totuwar masara. Can ya ce, "Ibrah, in anka ji Alhassan ya tahi likita da shawara, wa za ya sake kawo nashi nan? Kuma wanɗanda na hana, mi zan ce musu?"

Na ce, "Ka ce musu ka warke."

Ya yi dariya kaɗan, ta koma tari. Ya ce a bari a shigar da hatsi rumbu tukuna.

Alhamis, da rana tsaka

Girbi. Ni kaɗai da maƙwabta. Hatsin bana ya yi kyau, abin haushi. Kowace zangarniya na yanka sai in ji kamar ita ce ke riƙe da shi a gida. Ina sauri har na yanke yatsa.

Da na dawo na iske zanen shimfiɗarshi duk ɗigon jini. Inna ta yanke mishi farce, ya koma susa da bakin ludayi.

Juma'a, la'asar

Ya sha fura ludayi biyu. Ta dawo.

Asabar, hantsi

Ina ɗaure dami abin ya faɗo mini, sai da na zauna a kan kunya.

Ba kowa Baba ke ba magani ba. Na sha gani. In anka kawo tsoho, ya duba idon, ya duba hannuwa ya ga sawun susa, ya tambayi zazzaɓi anka ce babu, sai ya saki fatar idon a hankali ya ce, "Wagga ba tawa ba ta. Ku koma gida ku yi haƙuri, ku ba shi abin da ranshi ke so." Ba ya ba da ko ɓawo. Kuma ban taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ya dawo da kaza ba.

Ke nan ya sani. Tun ranar da ya ga idonshi a madubin Inna ya sani. Maganin da yake sha safe da yamma, don mu yake sha.

Na bar damin a buɗe na tafi gida. Na same shi rungume da turmi. Na ce, "Baba, wagga taka ta?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka rufe damin? Tsuntsaye na nan."

Lahadi, asuba

Ya Allah. Ya Allah. Ban san mi zan roƙa ba.

Talata, bayan azahar

Ya faɗi a bakin rumbu. Ya ce sai ya ga yadda nake jera dammai, wai kullum ina sa kai inda gindi ya kamata. Yana cikin faɗan ƙafa ta ƙi shi. Da na ɗaga shi sai na ji kamar na ɗauki buhun ƙaiƙayi. Mutumin da ke kada bijimi shi kaɗai.

Inna ce ta yi magana. Tun da nake ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban Gwaggo ba. Ta aje tukunyar maganin tsakar gida ta ce, "Yaya, ni ke dafa wanga abu, ni ke ganin yana dawowa. Na gaji da dafa abin da shi kanai ya san ba ya yi. Malam, in don mutane ne, mutane ba su kwana da kai. In ka ƙi zuwa don kanka, ka je don yaron ga, kada ya rayu yana cewa da na kai shi."

Gwaggo ta fara kuka tana cewa an haɗa baki. Baba ya dubi rumbu, ya dube ni. Ya ce, "Hatsi dai ya shiga. A ce wa mutane na tahi ganin Samiratu."

Samiratu ƙanwata ce, tana aure a Yamai. Na kira ta. Na sayar da bijiminmu don kuɗin hanya da na likita.

Alhamis, la'asar, Yamai

Hanya ta ba shi wuya. Daga Filinge har Balleyara goshinshi na kan kujerar gaba. A kowane shinge sojoji in sun leƙo sun ga idonshi sai su ce mu wuce.

Samiratu ta tarbe mu a tasha. Ta gan shi, ta juya baya kamar tana neman taksi.

A babbar likita wata ma'aikaciya mai faɗin fuska ta zo da allurar ɗibar jini. Baba ya naɗe hannuwa cikin riga. Ta ce, "Baba, miƙo mana, ko angon nawa tsoro yake ji?"

Ya ce, "Ɗiyata, kin san ko ni wa ne?"

"Na sani mana, mijina na Filinge da ya ƙi zuwa biko."

Ya ce mini, "Ibrah, matso." Na matsa. Ya ce, "Saiwar tana cikin tulun da ke bayan ƙofa. Ta gabas ake haƙa, ba a haƙa ta yamma. Gonar fadama ta uwarka ce." Wasiyya yake yi. Ya yi shahada, ya rufe ido, ya miƙa hannu.

Ta ɗiba, ta danna auduga. Ya jira. Mu ma munka jira mu ga ko zai cika, har ni, ba zan ɓoye ba. Can ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan, sai sadakina."

Ya daɗe yana duban wurin hudar. Bai yi dariya ba.

Asabar, hantsi

An yi hoton farko, wanda ake shafa mai a ciki. Sun ce sai an yi na biyu, sikanar, wanda ake tura mutum cikin rami. An sake huda shi. Ya daina wasiyya, miƙa hannu kawai yake.

Mai hoton ya kira wani, wanin ya kira wani. Suna nuna allo suna faransanci ƙasa-ƙasa. Faransancina na aji huɗu bai kai nan ba, amma na iya karanta fuska.

Talata, bayan azahar

Dokta ya kira ni da Samiratu, ya bar Baba a gado. Bahaushe ne, mutumin Dogonduci, ya yi muna magana da harshenmu. Ya karanta kayena duka, bai tsallake ko shafi ba.

Ya zana ciki a takarda. Ya ce bayan tumbi, can ƙurya jingine da ƙashin baya, akwai wata tsoka doguwa, su suna ce mata pankireyas. Ita ke ba da ruwan da ke narkar da maiƙo, ita ke tsare sukari a jini. Hanyar maɗaciya ta cikin kanta take bi. A nan abin ya tsiro, ya matse hanyar. Ruwan maɗaciya ya rasa mafita ya koma jini: shi ne idon, shi ne fitsarin, shi ne ƙaiƙayin, shi ya sa bayan gida ya yi fari. Tururuwan ma nata ne. Sujadar ma.

Ya faɗi sunan ciwon. Na daji. Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Samiratu ta ce, "A yanke mana, dokta."

Ya nuna wasu ɗige-ɗige a hoton hanta. Ya ce ya riga ya yi ƴaƴa. Ya ce wanga ciwo ɓarawo ne, wurin da yake a ɓoye yake, mafi yawa ba a kama shi sai ya yi nisa, ko a ƙasashen da ke da komai. Wanda anka kama da wuri, wani lokaci ana yi mishi aiki ya samu shekaru.

Na ce, "Da wuri yaushe ne? Lokacin layya?"

Ya ce, "Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila. Wataƙila ko a lokacin ya wuce. Abin da na sani, babba in yana rama ba dalili, ko sukari ya same shi rana tsaka, ko idonshi ya canza, ba a jira."

Ya ce abin da ya rage shi ne a rage mishi azaba. Akwai maganin ciwo mai ƙarfi, akwai na ƙaiƙayi. Ana iya aiki a kewaye hanyar da ta toshe, amma jikinshi ya yi rauni, kuma ba warkewa ba ce.

Wataƙila. Da ya ce a'a da na fi samun barci.

Laraba, da safe

Tururuwa. Na tsaya na duba su, na wuce gona.

Alhamis, la'asar

Munka shirya da Samiratu ba za mu faɗa mishi ba. Munka shiga da fara'a, ta ce, "Baba, sun ce sai a hankali."

Ya ce, "Ku biyu tun kuna yara ba ku iya ƙarya ba. Kira mini likitan, Ba'aren nan."

Dokta ya zo. Baba ya ce, "Likita, ni ma mai magani ne. Wagga taka ta?"

Dokta ya zauna bakin gado ya ce, "Ba tawa ba ta, Baba. Ta wuce ni."

"Da na zo da wuri fa?"

"Da mun gwada."

"Ku kuna da abin gwadawa ke nan."

"Muna da shi. Ba kullum yake ci ba."

Baba ya shafa sawun allurai a hannunshi. Kana ya ce ba ya son aikin, a ba shi maganin ciwon, a mai da shi gida ya ga rumbunshi.

Lahadi, azahar, kasuwar Filinge

Mun dawo shekaranjiya. Maganin yana aiki, yana kwanciya a gefe yanzu, turmi ya koma wurin Inna. Majo ya ce zai riƙa leƙowa.

Na je rumfar Tahiru na ce ya nuna mini abin a cikin akuya. Ya ce, "Kai kuma yau mahauci za ka zama? Kai da ke gudu in an yanka kaza?" Da ya dubi fuskata sai ya bar wasan. Ya jawo kayan ciki, ya ɗaga tumbi, ya bi hanji da yatsa. Ga ta nan manne, wata ƴar tsoka fara-fara mai laushi kamar kitsen da bai yi ba. Ya ce su ko kasawa ba su yi da ita, cikin tarkace take tafiya, wani lokaci a jefa wa kare.

Na riƙe ta a tafin hannu. Ba ta da nauyin komai. Wannan ce ta kada Alhassan.

Tahiru ya ce, "Ibrah, aje. Zo ka wanke hannu." Ya zuba mini ruwa da kanshi, ya tsaya tsakanina da mutane har na gama abin da nake yi.

Laraba, hantsi

Gwaggo na faɗa wa masu zuwa dubiya cewa allurar Yamai ce ta kwantar da shi. Na bar ta. Ba ni da ƙarfin musu.

Juma'a, bayan la'asar

Ban je masallaci da shi ba. A zaune ya yi sallar, da ido.

Ƙafar hagu ta kumbura. Ya ce yana son ƙirjin rago. Tahiru ya kawo, Inna ta dafa har ya narke. Ya tsotsa sau ɗaya ya ce ya yi daɗi. Gwaggo ta ga nama ya shiga ɗakin mai shawara, ta kau da kai.

Litinin, hantsi

Yau amalanke ya tsaya ƙofar gida. Mutanen Sanam ne, ba su ji labari ba. Wani dattijo, Salisu, da ɗanshi babba. Na fita in ba su haƙuri, sai na ji muryar Baba daga ɗaki: "Wa ne? A shigo da shi."

Munka ɗauko Baba a tabarma munka aje shi bakin zaure inda rana take. Mai ido rawaya yana duba mai ido rawaya. Ni na riƙe mishi gwiwar hannu har ya ja fatar idon mutumin.

"Zazzaɓi?"

"Babu, Malam."

"Susa?"

Mutumin ya nuna ƙwaurinshi.

"Wandon ga naka ne, ko na aro?"

Ɗan ya ce, "Nashi ne, ramewa ya yi."

Baba ya saki fatar idon a hankali, yadda na san yana yi. Ya ce, "Wagga ba tawa ba ta." Na sunkuyar da kai, don na san sauran.

Sai ya ce, "Ibrah, naɗe mini hannun riga." Na naɗe. Sawun allurai na nan, baƙi-baƙi a kan rawaya. Ya miƙa wa Salisu hannun har ƙarƙashin hanci.

"Dibi da kyau. Ni na Alhassan, ni ke hana allura. Ga su nan, ƙirga in kana so. Ba su ne za su kashe ni ba, zama ne. Kada ka koma Sanam. Daga nan Filinge wurin majo, daga can Yamai. Yau, ba gobe ba."

Gwaggo daga bayan danni ta ce, "Alhassan, da bakinka?"

Ya ce, "Da bakina, Yaya. Wa ya fi ni sani?"

Salisu ya ce wake na gona bai ɗebe ba. Baba ya ce, "Ni hatsina na rumbu. Ka ga ina ci?"

Na raka su har likita. Na yage shafin da na rubuta tambayoyin majo na ba ɗan, na sa lambata a ƙasa. Da na dawo Baba ya gaji ƙwarai. Ya ce, "Tulun na bayan ƙofa naka ne. Yara masu zazzaɓi ma majo ya fara gani, kana ka ba su in sun so. Dokar nan ta uku, ka bar ta nan wurina."

Laraba, azahar

Ruwa kawai, da auduga a leɓe.

Alhamis, asuba

Ya kira Inna da sunanta na yarinta. Ban taɓa ji ba. Na fita na ba su wuri.

Asabar

Tahiru ya kawo tabarmi daga masallaci. Mutanen Damana sun iso bayan an dawo daga maƙabarta.

Talata, la'asar

Gwaggo ta share ɗakin. Ta iske totuwar masarar ƙarƙashin shimfiɗa, ta zauna da ita a hannu har rana ta juya. Kafin ta koma Bonkuku ta ce in duba mata idonta a rana. Na duba. Fari ne. Ta ce, "To. In ya canza ka kai ni inda ka kai shi."

Alhamis, bayan azahar

Ina gyaran danni wayata ta salula ta yi ƙara. Ɗan Salisu ne daga Yamai. Ya ce an yi hoton. Abu ne ya toshe hanyar, amma dokta ya ce bai kai hanta ba, za su gwada aiki ranar Litinin. Bai yi musu alkawari ba, ya ce dai akwai abin gwadawa. Ɗan yana magana yana haki. Ya ce tsohon ya ce a gaida Malam, in Allah ya tashe shi da kanshi zai kawo kazar.

Ban faɗa mishi ba. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Na yar da igiyar ɗaurin na nufi ɗakin Baba da sauri in ba shi labari. Sai da na ɗaga labulen kana na tuna.